Zuwa da kai ya fi saƙo

A kowace shekara, tsakanin ƙarshen watan Janairu da farkon Fabrairu, birnin Burusel na ƙasar Beljiyam yakan karɓi waɗansu irin baƙi na daban. Matasa ne da dattawa, maza da mata, kowa da jaka a baya da kwamfuta a ciki, suna kutsawa cikin sanyi da yayyafi zuwa harabar Solbosch ta Jami'ar ULB. Taron da ke tara su sunansa FOSDEM, kuma kwana biyu ake yin sa, Asabar da Lahadi. Ba a biyan ko dala a bakin ƙofa, ba a rubuta suna, ba a tambayar kowa takardar gayyata ko shaidar karatu. Masu shirya shi, waɗanda ƴan sa-kai ne, suna ƙiyasta cewa mahalarta sukan wuce mutum 8000, jawaban da ake gabatarwa kuwa ɗaruruwa ne.

Mai karatu na iya cewa: ina ruwan mutumin Tawa ko na Damagaram da taron da ake yi a ƙasar sanyi, cikin harshen Ingilishi, a kan abin da hannu ba ya taɓawa? Ruwansa kuwa babba ne. Wayar Android da ke cikin aljihunsa a kan Linux aka gina ta. Manhajar VLC da samari ke kallon fim da ita, ɗaliban wata babbar makarantar injiniyoyi ta Faransa suka fara ta, aka sake ta ga duniya a 2001. Alƙaluman da ma'aikatan kiwon lafiya na Nijar ke tattarowa daga gidajen likita, na haihuwa da rigakafi da zazzaɓin cizon sauro, cikin DHIS2 ake zuba su, manhajar da Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagorantar aikinta. Duk waɗannan buɗaɗɗun manhajoji ne, kuma masu ƙera su, da masu yanke shawarar abin da za a ƙara musu da abin da za a bari, a irin waɗannan tarurruka suke haɗuwa. Wanda bai je ba yana cin moriyar kayan, amma ba a jin muryarsa ranar da ake tsara su.

Maganin da aka nuna itacensa

Manhaja ita ce jerin umarnin da ake rubuta wa kwamfuta ko waya domin ta yi wani aiki. Kamfanoni da yawa suna sayar da ita a rufe, kamar mai maganin da ke miƙa wa mutum gari a ƙulle cikin tsumma: a biya, a sha, amma kada a tambayi sunan itacen. In maganin ya ƙi aiki sai an koma wurinsa. In ya ƙaura ko ya rasu, sirrin ya bi shi. Buɗaɗɗiyar manhaja kuwa, wadda Faransawa ke kira logiciel libre, ita ce wadda mai ita ya kai mutane har gindin itacen, ya nuna saiwar da ake haƙa da awon da ake zubawa, sannan ya ba kowa izinin ya haɗa nasa, ya gyara, ya raba wa maƙwabta.

Ba'amurke Richard Stallman ne ya aza harsashin wannan tafiya a 1983 da shirin GNU, ya kuma fito da lasisin GPL a 1989, wanda ya gindaya sharaɗin cewa duk wanda ya gyara manhajar ya rarraba ta, wajibi ne ya bar ta a buɗe kamar yadda ya same ta. A 1991 wani ɗalibin Jami'ar Helsinki, Linus Torvalds, ya fitar da Linux. Daga nan aikin ya zama gayya: dubban mutane a ƙasashe daban-daban suna noma gona ɗaya, yawancinsu ba su taɓa ganin fuskar juna ba. Buƙatar ganin junan ce ta haifi FOSDEM. Wani ɗan Beljiyam, Raphael Bauduin, ya kira taron farko a Fabrairun 2001 da sunan OSDEM, kuma Stallman ne ya nemi a ƙara harafin F a gaba, domin kalmar ƴanci ta fito a cikin sunan.

Amana ba ta bin waya

Tunda ta intanet ake aikin, me ya kawo wahalar jirgi da neman masauki? Dalili na farko shi ne amana. A cikin gayyar manhaja kowa na iya kawo gyara, amma mutane ƙalilan ne ke riƙe da mabuɗin rumbu, su ne ke cewa wannan gyara ya shiga, wancan ya jira. Zaɓen wanda za a damƙa wa mabuɗin shi ne abu mafi nauyi a cikin aikin.

Abin da ya faru a 2024 ya ishi mai hankali wa'azi. Akwai wata ƙaramar manhaja mai suna xz, wadda aikinta matse fayiloli domin su rage girma, kuma kusan kowace kwamfuta mai Linux tana ɗauke da ita. Shekara da shekaru mutum ɗaya ne ke fama da ita, ba albashi, har gajiya ta kama shi. Sai wani mai kiran kansa Jia Tan ya bayyana a 2021, ya dinga kawo gyare-gyare cikin ladabi da haƙuri, har aka yarda da shi aka ba shi mabuɗi. Da ya samu wuri sai ya dasa wata ɓoyayyiyar ƙofa a cikin manhajar, wadda da ta yaɗu za ta iya ba wani damar shiga kwamfutoci masu ɗimbin yawa a duniya. Ranar 29 ga Maris 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya tona asirin, bayan ya lura cewa shiga wata kwamfuta tasa yana ƙara jinkirin rabin daƙiƙa ba gaira ba dalili. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Tsagar a nan ita ce kaɗaicin mai riƙon aikin, da kuma miƙa amana ga sunan da aka sani a rubuce kawai.

Haɗuwa ido da ido ba ta kawar da yaudara baki ɗaya, tunda maci amana ma yana iya sayen tikitin jirgi. Sai dai tana rage kaɗaici, tana kuma sa a san wane ne wane. Shi ya sa ƙungiyar Debian, ɗaya daga cikin tsofaffin masu haɗa Linux, ta yi shekaru da yawa tana neman sabon shiga ya sadu da tsofaffin ƴan ƙungiya fuska da fuska, ya nuna musu fasfo, su tabbatar da hatiminsa na sirri kafin a buɗe masa ƙofa.

Dalili na biyu shi ne shawara. A taron PyCon na 2014, a birnin Montreal na Kanada, Guido van Rossum, wanda ya ƙirƙiro harshen kwamfuta na Python, ya sanar da cewa za a ci gaba da kula da tsohon zubin harshen har zuwa 2020, abin da ya shafi aikin kamfanoni da jami'o'i ba iyaka. Haka kuma batun shigar da harshen Rust cikin zuciyar Linux: an baje shi a taron Linux Plumbers na 2020, kuma a Disamban 2022 kashin farko na aikin ya shiga. Wanda ke wurin ranar da ake tattaunawa yana iya ɗaga hannu ya ce wannan zai cuce mu. Wanda ba ya nan sai dai ya tarar da hukunci an riga an zartar.

Yadda yini ke tafiya

Baƙon da ya shiga FOSDEM karon farko yakan ruɗe. Akwai manyan zauruka inda ake jawaban kusan awa guda. Akwai ɗakunan karatu da dama da aka rarraba wa ƙungiyoyi, kowane ɗaki da fanninsa: wannan na masu taswira, wancan na masu tsaron bayanai, na gaba na masu kayan buro irin su LibreOffice. Akwai kuma gajerun jawabai na minti 15, waɗanda da zarar lokaci ya cika ake tsayar da mutum ko da yana tsakiyar magana. Ɗaki in ya cika sai a liƙa sanarwa a ƙofa, kuma ba mai shiga sai wani ya fito, komai girman sunansa.

Tsofaffin hannu sun san cewa rabin amfanin taron a baranda yake. Jawabai ana ɗaukar su a bidiyo, ana kuma ajiye su kyauta ga mai son kallo daga baya. Hirar tsaye a bakin ƙofa, da kofin gahawa a hannu, ita ce ba a ɗauka. A can ne ɗalibin da ya yi wata shida yana jiran a duba gyaransa zai tarar da mai riƙon manhajar tsaye a bayan teburi yana raba takardun manne, su buɗe kwamfuta su warware matsalar kafin gahawar ta huce. A can ake samun aiki, ake ƙulla abota, ake sasanta mutanen da suka yi shekara suna musayar zafafan kalmomi a rubuce. Saboda haka wanda ya cika yininsa da jawabi bayan jawabi, bai tsaya ya gaisa da kowa ba, ya yi tafiyar da zai iya yi daga ɗakinsa. A 2021 da 2022, lokacin annobar korona, ta intanet kaɗai aka yi FOSDEM. Ilimi ya isa ga mutane, amma baranda ta ɓace, kuma a 2023 jama'a suka koma Solbosch.

Hawa mumbari

Halarta mataki ne, yin jawabi mataki ne na gaba. Ba a gayyatar yawancin masu jawabi. Su ne ke nema. Watanni kaɗan kafin taro, galibi daga Nuwamba zuwa farkon Disamba a FOSDEM, masu kula da kowane ɗaki sukan yi shelar neman jawabai. Mai so sai ya aika da take da taƙaitaccen bayani na ƴan layuka, kwamiti ya karanta ya zaɓa. Ba a tambayar digirinsa. Abin da ake dubawa shi ne ko yana da abin da zai amfani ɗakin.

A nan ne matasan ƙasashen Sahel da yawa ke karaya tun ba su gwada ba, suna ganin ba su da abin da za su faɗa wa mutanen da suka rubuta Linux. Wannan kuskure ne, domin mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Yawancin manhajoji an tsara su ne a garuruwan da wutar lantarki ba ta cika yankewa ba, intanet kuma yana da arha. Injiniyan Berlin bai san abin da ke faruwa ba in wuta ta ɗauke a tsakiyar sabunta manhaja, ko in ma'aikacin likita a ƙauye zai yi kwana uku bai samu layin da zai aika alƙalumansa ba, ko in mutum biyar ke amfani da waya ɗaya a gida, ko in mai wayar ba ya karatu sai dai saƙon murya. Wanda ya girka buɗaɗɗiyar manhaja a wata lakkwal ta Maraɗi, ya ga inda ta yi aiki da inda ta tsaya, yana da jawabin da babu wani a ɗakin da zai iya yin sa.

Ga misali ɗaya da ke gaban idon mai karatu. Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ, suna da gurbinsu a tsarin Unicode tun farkon shekarun 1990, amma har yanzu akan ci karo da salon rubutun kwamfuta da bai zana su ba, sai ƙaramin akwati ya fito a maimakon harafin. Bayan wannan, ƙa'idar rubutun Hausa da Nijar ta tsayar a 1999 tana amfani da ƴ, alhali a Nijeriya 'y ake rubutawa. Ga mai karatu kalma ɗaya ce. Ga kwamfuta kalmomi biyu ne, sai in wani ya koya mata. Mai neman kalma cikin takardu zai rasa rabinsu, kuma manhajar gyaran rubutu da aka ciyar da littattafan Kano za ta ja jan layi a ƙarƙashin rubutun Yamai. Tunda kundin da aka ƙaddamar a Nijar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Gyaran yana iya zama na ƴan layuka, amma sai wani ya miƙe a gaban masu riƙe da mabuɗi ya nuna musu inda matsalar take.

Wanda aka zaɓa kuwa, akwai ladubban da gogaggu suka yarda da su. Jawabi mai kyau magana ɗaya yake ɗauka: ga matsalar da aka tarar, ga abin da aka gwada, ga inda aka faɗi, ga abin da ya yi aiki. Labarin faɗuwa yakan fi na nasara riƙe ɗaki, domin shi ke hana wani faɗawa rami ɗaya. Shafukan da ake haskawa da majigi kada a cika su da rubutu, tunda mutane ba sa iya karatu da saurare a lokaci guda. A maimaita jawabin da babbar murya, agogo a gaba, sau uku ko huɗu kafin ranar. Mai son nuna manhajarsa tana aiki ya ɗauki bidiyonta tun a gida, domin intanet ɗin ɗakin da mutum ɗari biyu ke ja ba abin dogaro ba ne. In an yi tambaya, a maimaita ta a makirfo saboda masu kallo daga nesa; in ba a san amsa ba, a faɗi haka, domin a irin waɗannan ɗakuna ana gane mai kame-kame nan take. Talla kuma ba ta da farin jini: wanda ya hau mumbari don yabon kamfaninsa zai ga mutane suna sulalewa ɗaya bayan ɗaya. A rufe da faɗin inda za a samu aikin da irin taimakon da ake buƙata.

Batun Ingilishi, wanda ke tsorata wanda ya yi karatu da Faransanci, bai kai yadda ake zato ba. Yawancin masu zama a ɗakin Jamusawa ne da Faransawa da Italiyawa da Indiyawa da sauransu, kowa da karin harshensa. Ana yafe wa mutum kuskuren nahawu. Abin da ba a yafewa shi ne ɓata wa jama'a lokaci. Akwai kuma tarurrukan da ake yi da Faransanci, irin su Capitole du Libre a birnin Tuluz.

Ƙofa a buɗe, hanya a rufe

Gaskiya ɗaya ce mai ɗaci: taron da ba a biyan kuɗin shiga yana da tsada ƙwarai ga wanda ke Afirka. Ɗalibin Paris jirgin ƙasa zai hau da safe ya iso kafin hantsi. Na Yamai sai ya nemi bizar Schengen, wadda kuɗinta ya tashi daga yuro 80 zuwa 90 a Yunin 2024, wato kusan jika 59 na sefa, kuma ba a mayar da su in an hana shi. Sai inshorar lafiya, da shaidar masauki, da takardun banki, da tikitin jirgi. Doka ta ba da damar ajiye takardu tun wata shida kafin tafiya, amma amsar kwamiti kan jawabi takan zo ne makonni kaɗan kafin taro, sai mutum ya shiga tseren da ba lallai ya ci ba. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba, an kira sunan mai jawabi daga Afirka a tarurrukan Turai da Amurka, kujerarsa babu kowa.

Akwai hanyoyin rage nauyin. Tarurruka irin su DebConf da PyCon da Wikimania suna ware tallafin tafiya ga wanda ya nema da wuri, ya kuma nuna aikin da ya riga ya yi. Masu shirya taro da yawa suna ba da takardar gayyata domin neman biza. Sannan tarurrukan kansu sun fara zuwa Afirka. An yi taron Idlelo na farko a Cape Town a 2004, ya zo Dakar a 2008 da Abuja a 2012. DebConf ya sauka Cape Town a 2016. An yi PyCon Africa na farko a Akra a 2019, taron OSCAFest a Legas a 2020, babban taron masu taswirar OpenStreetMap a Nairobi a 2024, da Wikimania a Nairobin a 2025. Ga ɗan Nijar, Abuja ko Legas ko Akra tafiyar mota ce, kuma wanda ya fara hawa mumbari a can zai isa Burusel da gaba gaɗi.

Bayan an dawo

Wanda jama'a suka tallafa ya je, ko ma'aikatarsa ta biya masa, bashi ne a kansa. Tafiyar ba ta cika ba sai ya tara abokan aiki da ɗalibai ya faɗa musu abin da ya gani, ya haɗa su da mutanen da ya sadu da su, ya nuna wa na baya yadda ake rubuta takardar neman jawabi. Su kuma shugabannin ma'aikatu da jami'o'i ya kamata su gane cewa injiniyan da ya nemi izinin kwana huɗu domin irin wannan taro ba yawon buɗe ido zai tafi ba: wakilci zai yi a wurin da ake tsara kayan aikin da ma'aikatar ke dogaro da su kullum.

Abu na ƙarshe kuma shi ne mafi sauƙi. Babban jarin FOSDEM shi ne ɗakunan jami'a da babu kowa a cikinsu ranar Asabar da Lahadi, da mutane masu niyya. Irin waɗannan ɗakuna suna nan a Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, da ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, da ta André Salifou a Damagaram, da ta Djibo Hamani a Tawa. Mutum talatin, majigi ɗaya, da jawabai biyar na minti 15, biyu daga ciki da Hausa, sun isa a kira shi taro. Wanda ya saba magana a gaban ƴan'uwansa ba zai daburce ba ranar da ya tsaya a gaban baƙi, kuma ranar da taron gida ya kafu, masu riƙe da mabuɗin su ma za su fara tambayar hanyar zuwa.

Allah ya ba mai niyya iko.